Wayar da Aka Sa a Durowa

Ranar da ya fara ganinta, bai gan ta sosai ba. Idanunsa sun yi ja, suna raɗaɗi kamar an watsa musu yashi, abin da ya kawo shi shagon gwajin ido ke nan. Farar riga kawai ya gani, da hannu riƙe da 'yar kwalba.

"Ɗaga kanka, Malam. Kar ka ƙifta."

Ya ɗaga. Wayarsa ta motsa a aljihu. Kafin ɗigon maganin ya sauka ya sunkuya, maganin ya gangara a kumatunsa.

"Sake ɗagawa."

Ya sake ɗagawa, wayar ta sake motsi, maganin ya sake bin kumatu.

"Malam, ido ka kawo mana ko kumatu?"

"Yi haƙuri. Wataƙila aiki ne."

"Duba mu gani. Aikin ne?"

Ya duba. Wani ne da bai taɓa sani ba ya saka hoton kyanwa a cikin kwali.

Ta miƙo hannu. Bai san lokacin da ya ba ta ba. Ta ja durowar teburinta, ta jefa wayar tsakanin auduga da almakashi, ta tura durowar da gwiwa.

"Maganin nan zai sa ka ga dishi-dishi na ɗan lokaci. Ko na ba ka ita ba abin da za ka karanta. Zauna."

Ya zauna. Da farko hannunsa ya riƙa zuwa aljihu yana dawowa. Daga baya ya fara jin ƙarar fanka, da ƙarar biron da take rubutu da shi. Can sai wani kuskure da ya hana shi sakat a aikinsa tun makon jiya ya warware a kansa, shi kaɗai, ba tare da ya nema ba. Da ganinsa ya fara washewa, fuskarta ce ta fara fitowa. Tana kallonsa tana danne dariya.

"Ka ga ba ka mutu ba," ta ce.

Shi mai rubuta manhaja ne. Ba a makaranta ya koya ba, a kan tsohuwar kwamfutar mijin yayarsa ya koya, a ɗakin baya na gidansu, inda yake zaune tun rasuwar iyayensu. Ya iya aikin, kowa ya shaida. Matsalarsa ɗaya ce. Zai buɗe intanet don ya duba dalilin wani kuskure, sai ya farga rana ta yi tsaka yana kallon yadda ake wanke jirgin ruwa. Ya yi rantsuwa ya karya. Ya ɓoye wayar a ƙarƙashin katifa ya ɗauko. Mutanen da suka ba shi aiki sun gaji da jin "gobe", wasu sun tafi ba sallama. Yakan zauna gaban kwamfuta yana kallon hannunsa yana ɗaukar waya, kamar hannun wani ne aka ɗaura masa.

Da ya koma gida ranar, sai ya rubuta wata 'yar manhaja, ya sa mata suna Durowa. Da zarar ya kunna ta da safe, sai ta rufe komai a wayarsa da kwamfutarsa, kira da saƙo da shafukan hira, ta bar masa kayan aiki kawai, har sai rana ta yi sanyi. Da yake ya san kansa, bai bar wa kansa ƙofar fita ba. Ko kashe wayar ya yi ya kunna, Durowa na nan.

Da ya je karɓar gilashin da aka rubuta masa ya nuna mata.

"Wato ka sace min durowa," ta ce.

"Aro na yi, Likita."

"Ni ba likita ba ce, mai gwajin ido ce."

"To ni dai a hannunki na warke."

Ta ɗora masa gilashin, ta gyara shi a bayan kunnensa, ta ja da baya tana dubawa. "Ya zauna. Tafi, Ido Huɗu, akwai mutane a layi."

Babu kowa a layi. Sunan kuwa ya bi shi.

Daga nan ya riƙa samun dalilin zuwa. Yau gilashi ya sassauta, gobe ya matse. Ranar da ya zo yana cewa yana jin kamar gilashin hagu ya fi na dama nauyi, ta rubuta lambarta a bayan katin shagon ta ce ya daina wahalar da gilashin bayin Allah.

Bai iya saƙo ba. In ta rubuto masa magana mai tsawo, sai ya daɗe yana rubutawa yana gogewa, a ƙarshe ya aika: "To. Nima haka." Takan yi dariya ta ce ko mai karɓar kuɗin wuta ya fi shi daɗin baki. Amma da yamma, in suka zauna a barandar gidansu ta kawo masa shayi, yakan saurare ta har ta manta da lokaci.

Ita kaɗai ce wajen mahaifinta. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, sai ƙanwar uban, Gwaggo, da ke leƙo su. Baban tsohon direban motar asibiti ne, wanda ya yi rayuwarsa da takalmi a bakin gado. Aka kai masa maganar aurensu. Washegari da hantsi ya karɓi lambar saurayin ya kira. Ba ta shiga ba. Ya sake gwadawa kafin azahar, shiru.

"Uwata," ya ce mata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata, "wannan yaron yana raye kuwa?"

"Aiki yake, Baba. In yana aiki yakan rufe wayar."

"Ni ma na yi aiki. Da na rufe tawa, da mutanen da kike gaisawa da su a titin nan rabinsu suna ƙasa. Mutumin da ba a samunsa da rana tsaka, ranar da kika faɗi wa zai ɗaga ki?"

"Baba, ba haka ba ne."

"Ga mai kyamis nan kusa da shagonku. Ko kuskure na yi na danna lambarsa, kafin in kashe ya ɗauka."

Gaskiya ne. Mai kyamis mutumin kirki ne, mai fara'a, wayoyinsa biyu kuma duk a hannu. Shi yake kawo wa Baba maganin hawan jini har gida, ya daɗe kuma yana aiko mata da gaisuwa ta bakin Gwaggo.

Ranar da yamma ta rubuto masa:

"Ido Huɗu, na kare ka a gaban Baba, amma ni ma abin yana damuna. Da safe in abu ya ba ni dariya na rubuto maka, sai in ji kamar na jefa dutse a rijiya. Ba ka iya buɗe min ƙofa ni kaɗai ba?"

Ya karanta ya sake karantawa. Zai iya, aikin ɗan lokaci ne. Amma ya san abin da bai iya faɗa mata ba. Duk kyanwoyin duniya da jiragen ruwanta ba su kai saƙonta ɗaya ɗauke masa hankali ba. In ta ce "ina kwana", zai wuni yana juya kalmomin nan biyu. Ga shi kuma ya samu babban aiki daga wani kamfanin jigilar kaya, irin aikin da in ya kammala zai iya kama gida ya tsaya gaban Baba da ƙafafunsa. In ya buɗe mata ƙofa zai rasa aikin. In ya bar ta a rufe zai rasa ta.

Sai ya yi abin da masu sana'arsa suke yi in sun rasa mafita. Ya rubuta wa matsalar manhaja.

Ya zauna ranar hutu ya rubuta amsoshi masu yawa, a natse, yana gyara kowace kalma yadda bai taɓa iyawa ba in tana jira. Ya zuba su a cikin Durowa, ya umarce ta: duk lokacin da lambar nan ta rubuto, ki ɗan jinkirta, sannan ki ɗauki ɗaya ki aika.

Yayarsa ta shigo da wanki ta same shi yana murmushi shi kaɗai. Ya yi mata bayani da alfahari. Ta ajiye kwandon.

"Wato ka sa wa tsumma rigarka ka tsayar a ƙofar 'yar mutane."

"Yaya, ni na rubuta su. Babu kalmar da ba daga zuciyata ta fito ba."

"Ranar Lahadi ta fito. Ita kuma Talata take maka magana."

"Ai ran Talatar ma ina sonta."

"To ka gaya mata mana, tunda ba laifi ba ne."

Bai gaya mata ba. Ya daɗe yana auna abin a ransa. Maganar gaskiya ce, mai maganar ma shi ne, lokacin ne kawai ba nasa ba. Shin ana yin ƙarya da lokaci? Ya ce wa kansa ba a yi. Amma ya lura bai taɓa son tunanin ya kai ƙarshe ba.

Washegari da hantsi ta rubuto: "Wata tsohuwa ta zo neman gilashinta, yana kan goshinta."

Amsa ta zo: "Likitata, ina tsakiyar aiki amma kin sa ni murmushi. Ki ajiye min sauran labarin, da yamma zan karɓa da hannu biyu."

Ta rungume wayar a ƙirji. Ta kai wa Baba ya gani. Baba ya ce, "Hm. Ya fara zama mutum."

Watanni suka tafi haka. Aikinsa ya yi kyau, ita ta yi haske. Wata yamma a baranda ta nuna masa saƙon da ta fi so, wanda ya zo mata ranar da mai shagon ya yi mata faɗa a gaban mutane ta shiga bayi ta yi kuka: "Ko me ranar nan ta zo da shi, ki tuna akwai mutum ɗaya da ya fara ganin duniya sosai ranar da ya gan ki."

"Ya aka yi ka san ina cikin damuwa?" ta ce. "Ni dai 'kana nan?' kawai na rubuto."

Bakinsa ya buɗe. Ya ga yadda idanunta suke, ya ɗauki kofin shayi ya kurɓa.

Ranar da abin ya faru, da safe ne, tana shirin fita. Ta ji faɗuwar abu a ɗakin Baba. Ta same shi a ƙasa tsakanin gado da tebur, bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ya saki. Ta yi ƙoƙarin ɗaga shi, ya fi ƙarfinta. Ta kira Ido Huɗu, ba ta shiga ba. Ta rubuta:

"Baba ya faɗi. Ba ya magana. Ka zo don Allah."

Ta jira, kan Baba a cinyarta. Wayar ta yi ƙara.

"Ke ce hutuna, Likita. Ki sha ruwa, ki yi murmushi, kar ki bar kowa ya ɓata miki rai yau."

Ta kalli saƙon ba ta gane ba. Ta sake rubutawa: "Ba wasa nake ba. Baba ne. Na kasa ɗaga shi."

"Haha, kin cika rigima. Da yamma zan zo ki ƙarasa min."

Ta ajiye wayar a ƙasa a hankali, kamar abin da zai iya cizo. Sannan ta ɗauka ta kira mai kyamis. Kafin ta gama magana ya tayar da mota.

A ɗakin baya kuwa, ranar ce aiki ya fi yi masa daɗi a rayuwarsa. Layi yana bin layi, babu abin da ya tsaya masa. Ya kammala aikin kamfanin jigilar, ya miƙe yana miƙa, yana tunanin yadda zai ba ta labari. Rana ta yi sanyi, Durowa ta buɗe. Ya karanta saƙonnin a tsaye. Ya karanta nata, ya karanta nasa a ƙarƙashinsu.

Bai tuna yadda ya isa asibitin ba. Ya same ta a kan benci a baranda, mayafinta a karkace, mai kyamis yana gefe yana waya da wani. Ta ɗago ta dube shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Wa yake min magana duk watannin nan?"

"Ni na rubuta su. Amma ba a lokacin ba. Durowa ce take..."

"Na gane." Ta gyaɗa kai. "Ina riƙe da kan ubana, kana min haha."

"Likita..."

"Kar ka kira ni haka. Je ka, Malam. Akwai mutane a layi."

Wannan karon akwai.

Ya koma gida ya goge Durowa gaba ɗaya. Ya bar wayar a buɗe, ya ƙure ƙararta, ya ajiye ta a gabansa. Ya rubuta mata ban haƙuri, ba amsa. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Kowa ya same shi a kwanakin nan, masu talla da masu kuskuren lamba, ban da wadda ya buɗe wayar dominta. Yana jiran saƙonta sai ya leƙa wani shafi, daga nan ya faɗa wani. Kamfanin ya aiko da gyare-gyare ƙanana, ya kasa yin ko ɗaya. Idanunsa suka koma ja. Ya rufe wayar ya cuci mutum, ya buɗe ta ya zama ba kowa ba, bai kuma san wata hanya ta uku ba.

Yaya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa.

"Kana zaune kana gadin waya kamar mai jinya. Mara lafiyan yana asibiti."

"Ba ta son ganina."

"Na ce ka je wajenta? Tsohon nan ka yi wa laifi kai da tsummanka. Tashi ka wanke fuska."

Ya je da hantsi, lokacin da ya san tana shago, don mai shagon ya ce hutun jinyar da ta ɗauka ya isa. Gwaggo ce a ɗakin, ta gaji har tana gyangyaɗi a kujera. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne na cikin wayar?"

"Ni ne, Gwaggo."

"To zauna, tunda yau ka zo da jikinka. Zan je in watsa ruwa."

Baba yana kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hankalinsa na nan sarai, maganar ce take maƙalewa. Kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita, goshinsa ya yi gumi, kafin ta fito. Likitoci sun ce a riƙa sa shi magana, a kuma jira shi, kar a ƙarasa masa.

Yana zaune mai kyamis ya shigo da 'ya'yan itace. Ya gaida Baba da fara'a, ya tambayi jiki. Baba ya buɗe baki, leɓensa na rawa. Waya ta yi ƙara. "Yi haƙuri Baba, minti ɗaya." Ya dawo, Baba ya sake farawa, ɗayar wayar ta ɗauka. Da ya dawo karo na gaba sai ya ce, "Ruwa kake so ko? Ga shi." Ya ba shi ruwa, ya yi addu'a, ya fita da waya a kunne, don wani ma yana can yana jiransa. Baba ya juya fuska bango. Ba ruwa yake so ba.

Wayar Ido Huɗu ta motsa a aljihu. Hannunsa ya tafi da kansa. Ya tsaya yana kallon hannun. Sannan ya ja durowar da ke gefen gadon, ya sa wayar tsakanin cokali da kwalin magani, ya tura.

"Baba, ina ji. Ba inda za ni."

Tsohon ya juyo. Aka daɗe. Fanka tana juyawa, wani yana tura keken marasa lafiya a waje. Wayar ta yi gurnani a cikin durowa, idon saurayin ya tafi can. Baba ya miƙa hannunsa mai lafiya ya dafe bakin durowar, ya bar shi a nan.

"Kai... ne..." Ya huta. Ya sake tattaro ƙarfi. "...maƙaryacin?"

"Ni ne, Baba."

Gefen bakin da ke motsi ya ɗan ɗaga. "Ƙafa... ta. Ƙai... ƙayi."

Abin da yake son faɗa ke nan tun safe. Saurayin ya yaye bargo ya sosa masa tafin ƙafa, tsohon ya lumshe ido.

Daga ranar kullum yana zuwa da hantsi. Wayar ta shiga durowa, Baba ya dafe, su fara. A hankali kalmomi suka riƙa haɗuwa. Ya ji labarin motar asibitin da ba ta da birki sosai, ya ji na ranar da aka haifi Uwata. Labarin da mai lafiya zai gama kafin shayi ya huce yakan ɗauke su har azahar. In Baba ya yi barci, sai ya buɗe kwamfuta a kan gwiwa ya yi gyare-gyaren kamfanin, wayar tana tsare a ƙarƙashin hannun tsoho.

Gwaggo ba ta faɗa wa 'yar ba, Baba ma haka. Wata rana 'yar ta samu fita daga shago da wuri, ta shigo ɗakin. Baba na barci, Ido Huɗu kuma ya je kiran nas. Ta ɗaga hannun Baba a hankali ta ja durowa za ta ɗauki cokali. Ta ga wayar. Ta san tsagewar da ke gefen gilashin wayar, tasa ce.

Ya dawo ya same ta a tsaye da wayar a hannu. Suka fita baranda.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Wannan ma dabara ce? Ka rubuta ta ranar hutu?"

"A'a. Ban san me nake yi ba. Zuwa kawai nake."

Ta buɗe tata wayar, ta nemo saƙon nan na ranar da ta yi kuka a bayi, ta nuna masa. "Wannan fa? Kai ne, ko ita ce?"

Ya ga yadda take riƙe da wayar. Kalma ɗaya za ta wadatar, kuma ba wanda zai taɓa sani.

"Ita ce ta aiko. Ban san kin yi kuka ba sai da kika faɗa min."

Hawayen da ba ta yi ba ranar farko suka zubo. "Da ka ce kai ne. Shi kaɗai na so ka bar min."

"Na sani."

Wata nas ta wuce da tire.

"Ban iya ba," ya ce. "In waya tana buɗe, ni ba mutum ba ne. In na rufe ta, ba a samuna. Kuma ke kin fi komai ɗauke min hankali, shi ya sa ban buɗe miki ba. Na ji kunyar faɗa. Ba ni da wani gyara da zan kawo miki. Haka nake."

Ta share fuska da gefen mayafi. "Ni na fara sa wayarka a durowa, ka manta? Ban taɓa cewa kar ka rufe ba. Shirunka zan iya ɗauka, na san na mutum ne mai aiki. Abin da ban iya ɗauka ba, in yi magana da bango yana min murmushi." Ta miƙa masa wayarsa. "Idonka ya sake ja. Ka zo shago a duba."

Ya sake rubuta Durowa, amma a gabanta, tana zaune a gefe tana duba abin da ba ta iya karantawa ba. Ta rufe komai kamar da. Saƙo ba ya shiga. Kira kuwa daga mutum uku yana shiga da ƙara, ita da Yaya da Baba. Ita ta yi alkawarin ba za ta kira don tsohuwa mai gilashi a goshi ba. Amsa ɗaya tak aka bar wa Durowa, ita ta faɗi kalmomin ya rubuta: "Wannan na'ura ce. Yana aiki, bai ga saƙonki ba. In da matsala ki kira."

"Ba daɗi," ya ce.

"Shi ya sa na yarda da shi."

Ba a rana ɗaya ta huce ba. Wani lokaci yana tsakiyar faɗa mata magana mai daɗi sai ta dube shi ta ce, "Ta yau ce, ko ajiyayya?" Ya koyi amsawa ba tare da ya ji haushi ba, don shi ya saya.

Bayan an sallami Baba, Ido Huɗu ya bi kawunsa da mijin Yaya suka je neman auren. Baba yana zaune a kujera da sanda a gefe. Gwaggo ta so ta yi magana a madadinsa, ya ɗaga hannu. Kowa ya jira. Kawun ya fara duba agogo, Ido Huɗu bai motsa ba.

"Na ce... ina son... wanda ake samu." Ya huta. "Na faɗi... ba a same shi ba. Wannan... gaskiya ne." Ya sake hutawa, ya daɗe. "Mai kyamis... ya ɗaga ni. Ba zan... manta ba. Wannan kuma... ya jira ni." Ya nuna shi da sanda. "Na ba shi. Amma... zan riƙa kira."

Yana kuwa kira. Da hantsi, ba gaira ba dalili, ya ji an ɗauka, ya ce, "To," ya kashe.

Mai kyamis ya zo ɗaurin auren, ya yi musu fatan alheri da zuciya ɗaya, aka kira shi ya fita kafin a shafa Fatiha.

Tana ɗaki cikin 'yan'uwa mata, ana ta hayaniya, ta kasa haƙuri ta rubuta masa: "Ido Huɗu, an ɗaura?"

Ta ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Gwaggo ta ce ta ajiye wayar nan a gyara mata ɗankwali. Sai can amsar ta shigo:

"Eh. Baba ya yi kuka. Nima haka."

Ta daɗe tana kallonsa. Babu ado, babu daɗin baki, ya kuma makara. Ta danna ta ajiye shi a inda wancan saƙon yake a da.

A sabon gidansu akwai tebur a ɗakin aikinsa, mai durowa ɗaya. Da safe kafin ta fita takan karɓi wayarsa ta jefa ciki ta tura da gwiwa, ta gyara masa gilashi a bayan kunne. Wasu ranakun yana cin nasara, wasu ranakun takan dawo ta tarar ya san abubuwa da yawa game da jiragen ruwa. Allah ya ba su zaman lafiya da haƙurin jiran juna, ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa duk ranar da ɗayansu ya kira, ɗayan ne da kansa zai amsa.